Yadda ake saba wa kifin moli da ruwan gishiri har ya zauna a tankin kifayen teku

Duk mai kiwon kifin ado ya san moli, ɗan kifin nan baƙi wuluk, ko fari, ko ruwan gwal, wanda ke haihuwar 'ya'ya da ransu maimakon saka ƙwai. A ruwan daɗi ake sayar da shi, amma danginsa 'yan bakin teku ne. Nau'in Poecilia latipinna, mai faffaɗan fiffiken baya, yana zaune a gaɓar Amurka tun daga Karolina ta Arewa zuwa Florida da Texas har cikin Meziko. Poecilia velifera, wanda ya fi shi girma, ɗan yankin Yukatan ne. A can suna yawo cikin fadamu da bakin koguna, inda ruwa yau daɗi ne, gobe zartsi, jibi kusan na teku.

Dalilin da masu tankin kifayen teku ke son sa biyu ne. Yana wuni yana tsintar gansakuka a kan duwatsu da gilashi, sannan kuɗinsa bai kai rabin na kifin teku ba. Na yi wannan aikin sau da yawa, kuma kifayen da na rasa a farko ba gishirin ne ya kashe su ba. Abin da ya kashe su shi ne zuba gishiri da ka, ba awo, da kuma amoniyar da ta taru ban lura ba, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci. Don haka za ka ga ina yawan maimaita maganar awo.

Abin da ke faruwa a jikin kifin

A ruwan daɗi, jinin kifi ya fi ruwan da ke kewaye da shi gishiri, sai ruwa ya riƙa kutsawa cikin jikinsa, shi kuma yana fitar da shi ta yawan fitsari. A ruwan teku abin juyawa yake yi: ruwan jikinsa ne ke tsiyayewa waje. Dole ya koma shan ruwa, ya rage fitsari, ya riƙa fitar da gishirin da ya wuce kima ta gaɓoɓin numfashinsa na gefen kai. Moli yana da halittar yin duka biyun, amma sauya aikin ƙoda da gaɓoɓin numfashin yana cin kwanaki. Hawa zuwa gishiri ya fi saukowa wahala a gare shi.

Lambobin da za ka riƙe su ne na nauyin ruwa, wanda ke ƙaruwa da yawan gishirin da ke cikinsa: ruwan daɗi 1.000, ruwan zartsi tsakanin 1.005 da 1.015, ruwan teku 1.023 zuwa 1.026. Wannan na ƙarshen yana daidai da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita.

Kayan aiki

Tankin gilashi na daban, mai cin lita 40 ko fiye, da murfi. Moli yana tsalle idan ya firgita. Idan babu tanki, sabuwar robar ajiye abinci mai faɗi za ta yi, muddin ba a taɓa zuba sabulu ko magani a ciki ba.

Gishirin tankin teku, irin su Instant Ocean ko Red Sea, kimanin kilo 2 don tanki mai lita 40. A nan babu madadi. Gishirin girki, gishirin manda, kanwa, har ma da wanda ake sayarwa don jinyar kifin ruwan daɗi, duk ba za su yi ba. Ruwan teku ba gishiri kaɗai ba ne, akwai kalsiyam da magniziyam da sinadaran da ke riƙe ma'aunin pH, wato awon tsamin ruwa ko rashinsa, a tsakanin 8.1 da 8.4. Idan ba ka samu wannan gishirin ba, ɗage aikin.

Rifraktomita, wato 'yar na'urar da ake ɗiga mata ruwa a leƙa ta cikinta a karanta yawan gishiri. Idan ba ta samu ba, haidiromita mai allura ta roba tana iya rufa asiri, sai dai tana da ƙarya. Ƙwayar kumfa ɗaya ta maƙale a allurar, sai ta nuna maka 1.024 alhali ruwan bai kai 1.020 ba. A ɗan ƙwanƙwasa ta kafin a karanta, a wanke ta da ruwan daɗi bayan kowane awo.

Kayan gwajin amoniya da naitrait (wata gubar da amoniya ke rikiɗewa ta zama), da ma'aunin zafi, da hita. Famfon iska da matatar soso. Ƙaramin sikeli mai auna giram, irin na masu yin kek. Bokiti biyu sababbi, da siririyar tiyon iska mai tsawon mita biyu. Maganin cire kulorin idan da ruwan famfo za ka yi aiki. Wasu guntayen bututun roba na aikin famfo, don kifin ya samu maɓoya.

Game da tiyon ɗigo, ni na fi son sabuwar robar ƙarin ruwa ta asibiti, wadda ake samu a kemis. Tana da ɗan abin murzawa da ke daidaita ɗigo yadda kake so. In babu, a ɗaure tiyon iska ƙulli ɗaya sako-sako, a riƙa matse shi har ɗigon ya daidaita.

Ruwan da ya fi shi ne wanda aka tace da na'urar RO, mai cire kusan duk sinadaran da suka narke a ruwa. Ruwan famfo da aka cire wa kulorin yana yi wa moli kaɗai, amma idan akwai murjani mai rai, halittar teku mai kama da dutse ko tsiro, a babban tankinka na kifayen teku, kada ka shigar masa da shi. Ruwan burtsatse kuwa kowace rijiya da halinta, a gwada shi kafin a yarda da shi.

Mataki na 1: Zaɓen kifi

Rabin nasarar a shago ake samun ta. Tsaya gaban tankin mai sayarwa na minti biyar ka kalla. Kifin da ya manne fukafukansa a jiki, ko yake rangaji wuri ɗaya ba ya gaba ba ya baya, ko cikinsa ya lotse, ko kashinsa fari ne zare-zare, bar shi. Idan akwai matacce a tankin, bar tankin gaba ɗaya.

Mai faffaɗan fiffike da baƙin moli na yau da kullum su ne suka fi jure wannan tafiyar a hannuna. Wanda ba na ba kowa shawarar ɗauka shi ne moli mai ƙaton tumbi kamar balan-balan. Ƙashin bayansa a tanƙware yake, iyonsa ba ƙarfi, kuma igiyar ruwan tankin teku wahalar da shi take yi. Macen da cikinta ya tsufa ita ma a jira ta haihu tukuna. Ɗauki matasa masu santimita 4 zuwa 5, namiji ɗaya ga mata biyu ko uku. Ana gane namiji da fiffiken ƙarƙashin cikinsa, wanda yake siriri kamar tsinke. Na mace a buɗe yake kamar mafici.

Da ka iso gida, kafin komai, auna gishirin ruwan ledar da aka zubo maka su. Wasu masu kiwo da 'yan kasuwa a ruwan zartsi suke ajiye moli. Abin da ka gani a ledar, daga nan za ka fara lissafi.

Mataki na 2: Zaman jira a ruwan daɗi

Cika tankin da ruwan da gishirinsa ya yi daidai da na ledar, zafinsa tsakanin digiri 25 da 27. Ƙasan tankin a bar shi fili, babu yashi, don ka riƙa ganin kashi da ragowar abinci kana tsotse su. Kada ka sa tsirrai ko dodon koɗin ruwan daɗi. Gishiri zai kashe su, su ruɓe, su ɓata ruwa. Matatar soso kuma gara wadda ta riga ta yi makonni tana aiki a wani tanki, domin bakteriyar da ke cinye amoniya ta riga ta zauna a cikinta.

Bar kifayen nan mako ɗaya zuwa biyu ba tare da ƙara gishiri ba. Kifin da ya sha hanya daga gona zuwa dillali zuwa shago zuwa gidanka a gajiye yake. Sai ka ga suna rububin abinci, fukafukai a buɗe, sannan ka wuce gaba.

Mataki na 3: Haɗa ruwan gishiri

Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce, ba a zuba busasshen gishiri cikin tankin da kifi ke ciki. A bokiti ake narkar da shi. Ruwa ake fara zubawa, sannan a barbaɗa gishiri a hankali ana juyawa. Idan ka zuba ɗan ruwa a kan tulin gishiri, kalsiyam ɗin zai daskare ya zama farin gari a ƙasan bokiti, ba zai sake narkewa ba.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Kimanin giram 2.8 na gishiri a kowace lita yana ɗaga awo da 0.002. Tanki mai lita 40 ke nan yana buƙatar wajen giram 110 a kowane hawa. Ka tuna ruwan da ke cikin tanki ba ya kai adadin da aka rubuta a jikinsa, tunda ba a cika shi har baki. Idan lita 35 ka zuba, giram 100 ya isa.

Da yamma, ɗebi lita 6 zuwa 8 daga tankin zuwa bokiti, narkar da gishirin ranar a ciki, jefa dutsen iska, wanda ake jona wa famfon iska ya riƙa fitar da kumfa, ka bar shi ya kwana. Gishirin da aka haɗa yanzu-yanzu yana da kaifi ga gaɓoɓin numfashin kifi ko da ido ya ga kamar ya narke.

Mataki na 4: Hawa a hankali

Da safe, ɗora bokitin a wuri mafi tsayi da tankin, ka ja ruwa ta tiyo, ka bar shi ya koma cikin awa ɗaya zuwa biyu. Bayan awa guda da gamawa sai ka auna, ka rubuta a takarda da kwanan wata. Manna takardar a jikin tankin. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. A kwana na tara za ka manta ko jiya 1.012 ne ko 1.014.

Tsarin da nake bi shi ne 0.002 a rana, da zango biyu. Kwana huɗu na farko ka kai 1.008, sai ka tsaya kwana biyu ko uku. Wasu kwana huɗun ka kai 1.016, ka sake tsayawa kwana uku. Daga nan ka ƙarasa zuwa daidai awon babban tankinka, ko 1.024 ne ko 1.025. Duka-duka kusan mako uku.

Zangon farko ba don kifin ba ne sosai, domin har zuwa wajen 1.008 moli ko a jikinsa. Gishirin ruwan bai wuce na jininsa ba. Don bakteriyar matata ake tsayawa. Bakteriyar da ta saba da ruwan daɗi tana raguwa idan gishiri ya hau, kuma kafin mai jure gishiri ta yawaita, amoniya na iya taruwa. Abin da ya ƙara muni shi ne gishirin teku yana ɗaga pH, amoniya kuma ta fi dafi idan pH ya hau. Adadin da kifi ya jure a makon farko na iya kashe shi a mako na uku. Wannan ne ya taɓa cin kifayena huɗu a dare ɗaya: ina ta murna awon gishiri yana tafiya daidai, ban gwada amoniya ba tsawon kwana biyar.

Saboda haka gwajin amoniya kullum ne, kafin ka ƙara gishirin ranar. Sifili ake so. Da ka ga ta kai miligiram 0.25 a lita, dakatar da hawa, canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da sabon ruwa mai gishiri daidai da na tankin, ka rage abinci. Wasu kayan gwajin suna da katin launi daban na ruwan gishiri, duba kwalin. Idan kana da tsohon tankin teku, yanko guntun soso daga matatarsa ko ɗauko ɗan dutse ka sa a tankin jiran idan awo ya wuce 1.016. Yana gajarta wannan matsalar ƙwarai.

Zango na biyu na kifin ne. Daga 1.016 zuwa sama ne jikinsa ke aiki tuƙuru. Alamun wahala su ne saurin numfashi, tsayawa a saman ruwa ana haki, manne fukafukai, kwanciya a ƙasa, da ƙin abinci. Kana ganin ɗaya daga ciki, tsaya a inda kake har kwana uku. Idan abin bai lafa ba, sauko da 0.002 ta hanyar ƙara ruwan daɗi. Saukowa ba ta cutar da shi.

Abinci kaɗan-kaɗan, sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Moli mai son ganye ne: abincin kifi mai spirulina (wani nau'in gansakuka), busasshiyar ciyawar teku, ko ganyen alayyafo da aka tsoma a tafasasshen ruwa. Cire ragowar kafin dare.

Wani gargaɗi da ya fi shafar mu masu zama a ƙasar zafi: ruwa yana ƙafewa, gishiri ba ya ƙafewa. Ja layi da alƙalami a jikin gilashi daidai bakin ruwa. Duk abin da ya ragu, da ruwan daɗi ake cike shi, ba da ruwan gishiri ba, kuma a cike kafin a auna. A lokacin hunturu, iska a bushe take, ƙaramin tanki na iya hawa da kansa ba ka sani ba. A watannin Maris zuwa Mayu kuma zafi ne matsalar, domin ruwan gishiri bai kai na daɗi riƙe iskar shaƙa ba, ruwan ɗumi kuma ya fi kasawa. Idan ruwanka yana haura digiri 30, jira damina ta sauka. Tanadi famfon iska mai batir saboda ɗaukewar wuta. Sannan ka ɗage soket daga ƙasa, ka bar wayar ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, don ruwan gishirin da ya biyo waya ya ɗige a ƙasa.

Mataki na 5: Shiga babban tanki

Ko awo ya kai, a ƙara masu mako ɗaya a tankin jira. Ranar ƙaura, kada ka ba su abinci. Tabbatar gishiri da zafin tankunan biyu sun zo ɗaya. Bambancin kada ya wuce 0.001 a gishiri ko digiri ɗaya a zafi. Zuba su a bokiti da ruwansu, ka ɗiga masu ruwan babban tanki na minti 30 zuwa 45, sannan ka kwashe su da raga ka sake su. Ruwan bokitin a zubar, musamman idan ka taɓa sa magani mai jan ƙarfe a tankin jira, domin shi guba ne ga murjani da jatan lande.

Kashe fitila, ka rage ƙarfin injinan tura ruwa na kwana biyu ko uku. Moli ɗan fadama ne, bai saba da igiyar da ake yi wa murjani ba, kuma na ga lafiyayyen kifi ya galabaita ya manne a bakin inji cikin dare. Lulluɓe bakin injinan da soso ko raga. Masu gida ma sai an sa ido: ƙananan kifayen teku irin su damsel da dotibak da kifin kilawun da ya riga ya kama wuri sukan yi wa baƙo taron dangi. Idan kana da akwatin roba mai huji da ake rataye shi cikin tanki, ajiye molin a ciki kwana biyu su saba da ganin juna. Kifin da bakinsa zai iya haɗiye moli kuwa, irin su kifin zaki, ba a haɗa su sam.

Ka sani kuma moli ba shi da kariya daga cututtukan teku. Ƙwayar cutar farin ɗigo ta ruwan daɗi, mai fesa wa kifi fararen ɗigo a jiki, ba ta rayuwa a cikakken ruwan teku, wannan riba ce. Amma tekun yana da tasa, Cryptocaryon irritans, kuma moli bai taɓa haɗuwa da ita ba. Idan tana ɓoye a tankinka, shi za ta fara kamawa, a jikin baƙin moli kuma ɗigon fitowa yake ɓaro-ɓaro. Shi ya sa wasu ke amfani da shi don gwada ko tanki yana da cutar.

Idan babu tankin jira: hanyar yini ɗaya

Mutane da yawa suna yin ta, kuma sau da yawa kifin yana rayuwa. Ni ba na son ta, saboda wanda zai mutu ba a ranar yake mutuwa ba, sai bayan kwana uku ko huɗu. Amma idan dole ta sa, ga yadda ake rage asara.

Zuba kifi biyu ko uku a bokiti da lita 2 na ruwansu, da dutsen iska da murfi. Ɗiga ruwan babban tanki, ɗigo 3 zuwa 4 a daƙiƙa, har ruwan ya ninka. Zai ci awa uku ko fiye. Zubar da rabi, ka sake. Idan tankinka 1.025 ne, zagayen farko zai kai bokitin wajen 1.012, na biyu 1.019, na uku 1.022, na huɗu wajen 1.023. Ka lura zagayen farko shi ne tsalle mafi girma, don haka shi ne ba a yi wa gaggawa. Aikin zai ci awa 12 ko fiye. Fara da sassafe. Kula da zafin bokitin, ƙaramin ruwa saurin hucewa yake yi. Kifin da ya fara kifewa ko juyawa, tsayar da ɗigo, ƙara masa ruwan daɗi, ka haƙura da shi a ranar.

Sauran kifaye

Gofi, ɗan'uwan moli, yana iya bin hanyar mako uku, sai dai masu dogon wutsiya ba sa jure igiyar ruwa. Kifayen ruwan zartsi irin su Monodactylus argenteus da Scatophagus argus, da ɗan'uwansu na gaɓar Afirka ta Yamma Monodactylus sebae, suna son gishiri sosai idan sun girma, amma manyan kifaye ne masu buƙatar tanki na ɗaruruwan lita. Kifin kumburi mai koren jiki da baƙaƙen ɗigo shi ma yana zama a ruwan teku idan ya manyanta, sai dai zai cinye maka dodon koɗi da jatan lande. Tetira, kifin gwal, koridoras da yawancin dangin tarwada na ado, waɗannan kada ma ka gwada. Jikinsu ba shi da wannan halittar, ko wata nawa ka ɗauka.

Idan molin ya zauna lafiya, cikin wata ɗaya ko biyu za ka fara ganin 'ya'ya, domin mace tana haihuwa kusan kowane mako huɗu zuwa shida. A babban tanki yawancinsu abincin sauran kifaye suke zama, ko matata ta zuƙe su. Kana so su rayu, kwashe su da ƙaramin kofi zuwa tankin jiran nan, da ruwan babban tanki. Waɗannan da aka haifa cikin gishiri ba sa buƙatar komai daga matakan da ke sama. Da sun kai santimita 3 sai ka mayar da su.